Yadda Igiyar Aure Ta Zama Katin Asibiti a Amurka

Maƙalarmu ta wannan mako ta tarihi ce, kuma za ta kai mu Amurka, inda wani lissafi ke hana ma'aurata da yawa barci: nawa za mu biya a wata domin in ciwo ya zo asibiti ta karɓe mu?

A can, yawancin masu aiki ta wurin aikinsu suke samun inshorar lafiya. Inshora kamar adashe take, sai dai ba a kwasa sai an kwanta ciwo. Kowane wata ana zubi, kamfani ya biya kaso mai tsoka, a cire sauran daga albashin ma'aikaci. Cibiyar bincike ta KFF, wadda ke bin wannan farashi shekara-shekara, ta ce a 2024 matsakaicin zubin shekara na mutum ɗaya dala 8,951 ne, na iyali kuma dala 25,572. Daga ciki, ma'aikaci shi kaɗai yana biyan kimanin dala 1,368 daga albashinsa, mai iyali kuma dala 6,296. Wato daga ranar da mutum ya ɗora iyalinsa a kan takarda, abin da ke fita daga aljihunsa ya ninka fiye da sau huɗu. A 1999 zubin iyali gaba ɗaya dala 5,791 ne kacal.

Ta yaya aka yi lafiyar matar aure ta rataya a wuyan aikin mijinta, ko ta miji a wuyan aikin matarsa? Babu wata majalisa da ta zauna ta tsara haka. Abin ya taru ne kaɗan-kaɗan, kowane mataki an ɗauke shi ne don warware wata matsala ta daban.

Malaman makaranta a Dallas

A 1929 asibitin Jami'ar Baylor da ke birnin Dallas a jihar Texas yana fama da bashi. Marasa lafiya suna kwanciya, a sallame su, kuɗi kuma ba ya shigowa. Mutumin da aka ɗora wa kula da harkokin asibitin, Justin Ford Kimball, tsohon shugaban makarantun birnin ne, saboda haka da ya duba littafin bashi ya gane sunayen malamai da yawa. Ya san albashinsu, ya san ba mugunta ce ta hana su biya ba. Sai ya kawo shawara: kowane malami ya riƙa ba da rabin dala a wata, asibiti kuma ta yi masa alƙawarin kwana 21 a gado a shekara in buƙata ta taso. Fiye da malamai dubu suka shiga.

Shekarar ce kuma tattalin arzikin Amurka ya karye, asibitoci suka rasa masu biya. Da suka ga abin da Baylor ta yi sai suka kwaikwaya, daga nan aka samu tsarin da ya shahara da sunan Blue Cross. A lura da abu ɗaya a nan. Kimball ya tara mutanensa ne ta wurin aikinsu, domin hakan ya fi sauƙin karɓar kuɗi, kuma in aka ɗebi dukan ma'aikatan wuri ɗaya za a samu masu lafiya da yawa waɗanda zubinsu zai ɗauki nauyin 'yan tsirarun da suka kwanta. Tun ran gini tun ran zane: ƙofar shiga inshora ta zama ƙofar ma'aikata.

Yaƙi ya ƙulle albashi

Duk da haka, a 1940 ƙasa da mutum ɗaya cikin goma ne ke da inshorar asibiti a Amurka. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya lissafin. Matasa sun tafi fagen daga, masana'antu na neman ma'aikata ido rufe, gwamnati kuma na tsoron tashin farashi. A 1942 aka yi dokar da ta ba Shugaba Roosevelt ikon ƙayyade albashi. Kamfani ba shi da damar jawo ma'aikaci da ƙarin kuɗi, sai hukumar ƙwadago ta lokacin yaƙi ta yarda cewa inshorar lafiya ba ta cikin albashin da aka ƙulle. Nan da nan kamfanoni suka mai da ita abin tallata kansu. Hukumar haraji ma ta sassauta, kuma a 1954 aka rubuta a dokar haraji cewa kuɗin da kamfani ya biya wa ma'aikaci na inshora ba a cire masa haraji.

Wannan sassauci shi ne ginshiƙin komai. Dalar da aka ba ka a hannu gwamnati na da kaso a cikinta, wadda aka biya maka ta inshora kuwa cikakkiya ce. Ƙungiyoyin ƙwadago suka gane haka, suka riƙa neman inshora a teburin sasantawa kamar yadda suke neman ƙarin albashi. A yarjejeniyar 1950 tsakanin kamfanin motoci na General Motors da ƙungiyar ma'aikatan motoci ƙarƙashin Walter Reuther, kamfanin ya amince ya ɗauki rabin kuɗin inshorar lafiya. Zuwa wannan shekara kusan rabin Amurkawa sun samu wani nau'i na inshorar asibiti.

An so a bi wata hanyar. A watan Nuwamba na 1945 Shugaba Harry Truman ya nemi majalisa ta kafa inshorar ƙasa wadda za ta haɗa kowa. Ƙungiyar likitocin Amurka ta yi masa ca, ta kashe maƙudan kuɗi tana cewa gurguzu ne ake son shigowa da shi ta ƙofar asibiti, ƙudurin ya mutu. Birtaniya kuwa ta taɓa ɗanɗana irin wannan matsala. Dokarta ta 1911 ta ba ma'aikaci likita amma ta bar matarsa da 'ya'yansa a waje, in ban da ɗan kuɗin haihuwa. A ranar 5 ga Yuli, 1948 ta buɗe hukumar lafiya ta ƙasa wadda ke duba kowa a matsayinsa na mutum. Daga ranar, matar aure a Landan ba ta buƙatar takardar aikin mijinta kafin ta ga likita. Takwararta a Detroit kuwa tana buƙata.

Matar da ke cikin jerin "waɗanda ake ɗauke da nauyinsu"

An gina tsarin Amurka a kan hoton gida guda: miji na fita aiki, mata na gida da yara. A 1950 hoton bai yi nisa da gaskiya ba, domin kusan ɗaya cikin huɗu na matan aure ne ke aikin albashi. A takardar inshora miji shi ne mai suna, mata da yara kuma suna ƙarƙashinsa a matsayin waɗanda yake ɗauke da nauyinsu. Muddin yana raye, yana aiki, kuma auren na nan, komai lafiya. In ɗaya daga cikin ukun nan ya goce, katin matar ya zama takardar banza.

Hatta haihuwa, wadda ita ce ta fi kai matan aure asibiti, inshorori da dama sun daɗe suna ware ta ko su ƙayyade mata ɗan kuɗi kaɗan. Sai a 1978 aka yi dokar da ta hana nuna wa ma'aikaciya bambanci saboda juna biyu. Wani kamfanin ƙera jiragen ruwa a Newport News ya gyara wa ma'aikatansa mata, amma ya bar matan ma'aikatansa maza da ƙaramin kaso. Magana ta kai Kotun Ƙoli, kuma a 1983 kotun ta ce hakan ma bambanci ne.

A ranar 30 ga Yuli, 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta kafa Medicare, inshorar gwamnati ta masu shekara 65 zuwa sama, da Medicaid ta marasa galihu. Ya tafi har garin Truman a jihar Missouri ya yi bikin a can, ya miƙa wa tsohon shugaban kati na farko, matarsa Bess kuma na biyu. Kati biyu aka bayar, domin Medicare ba ta san iyali ba, kowa da nasa. Wannan ya haifar da wani giɓi da har yau ma'aurata ke faɗawa. A ce miji ya cika 65, matarsa tana da 59. In ya yi ritaya ya koma Medicare, inshorar kamfani ta tsaya, ita kuma sauran shekara shida kafin ta cancanta. Ko dai su sayi inshora da kansu a shekarun da ta fi tsada, ko shi ya ci gaba da aiki da tsufansa domin katinta.

Saki, mutuwa da gidan tsofaffi

A shekarun 1970 mutuwar aure ta yawaita a Amurka, sai raunin tsarin ya fito fili. Mace ta yi shekara ashirin a gidan miji, ranar da alƙali ya raba auren ta rasa miji ta rasa likita. Wadda mijinta ya rasu ma haka, tana cikin makoki takardar dakatarwa za ta iso. A 1986 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ake kira COBRA. Ta ce a kamfanin da ke da ma'aikata 20 zuwa sama, wadda aka saka ko aka mutu aka bari tana iya ci gaba da inshorar har wata 36. Sharaɗin shi ne ta biya dukan zubin da kanta, da kason da kamfani ke biya a da, har da ƙarin kashi 2 cikin ɗari na ɗawainiya. An bar mata ƙofa a buɗe, amma kuɗin shiga ya fi ƙarfin zawarawa da yawa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Michigan, wanda ya fito a 2012, ya ƙiyasta cewa mata kusan 115,000 ke rasa inshorarsu kowace shekara bayan rabuwar aure, kuma kusan 65,000 daga cikinsu na zama babu kowace iri.

Akwai kuma inda dokar ta riƙa tura masu son juna su rabu. Medicare ba ta biyan kuɗin doguwar jinya a gidan kula da tsofaffi. Medicaid ce ke biya, ita kuma sai mutum ya talauce. Da yake ana haɗa dukiyar miji da mata wuri ɗaya a lissafi, in tsoho ya kwanta sai an cinye abin da suka tara tare kafin gwamnati ta sa hannu, a bar tsohuwa a gida ba ta da na cefane. Wasu lauyoyi suka riƙa ba tsofaffi shawarar su rabu a takarda domin a tsirar da rabin dukiyar. A 1988 majalisa ta yi gyara, ta ba wanda ya rage a gida damar riƙe wani kaso na dukiya da na kuɗin shiga. Gyaran ya rage abin, bai kawar da shi ba.

Da mata suka fita aiki

Zuwa shekarun 1990 kusan shida cikin goma na matan aure suna aiki. Gida ɗaya ya zama yana da ƙofa biyu ta samun inshora, ma'aurata suka riƙa zaɓar wadda ta fi araha su shige tare. Kamfanin da ya fi kyauta sai ya tsinci kansa yana ɗauke da matan wasu da mazan wasu, waɗanda suke da nasu wurin aikin. Da farashi ya yi ta hawa, kamfanoni suka fara ja da baya. Wasu suka sa ƙarin kuɗi na wata-wata a kan duk wanda ya ɗora abokin zamansa alhali yana da inshora a nasa aikin. Wasu suka rufe ƙofar gaba ɗaya. A 2013 kamfanin jigilar kaya na UPS ya sanar cewa zai cire kimanin mutum 15,000 irin waɗannan daga inshorarsa. Abin da aka fara bayarwa a matsayin kyauta ga mai iyali ya koma abin da ake cajin mutum a kansa.

Dokar Obama da lissafin aure

A ranar 23 ga Maris, 2010 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da jama'a ke kira Obamacare. Ta yi gyare-gyare masu amfani ga ma'aurata. Daga 2014 kamfanin inshora ba shi da ikon ƙin mutum saboda tsohon ciwo, ko ya caji mace fiye da namiji, kuma dole inshorar da mutum ya saya da kansa ta haɗa da haihuwa. Wanda ba shi da inshora a wurin aiki yana iya saye a kasuwar da gwamnati ta buɗe, a ba shi tallafi gwargwadon samunsa. A wannan kasuwa babu ragin aure. Ana yi wa miji farashi da shekarunsa, a yi wa mata da nata, a haɗa. Dattijo kuma ana iya cajinsa har ninki uku na matashi.

Tallafin ne ya zo da ƙulli biyu. Na farko, ana auna shi da mizanin talauci na gwamnati, wanda ba ya ninkawa in mutum biyu suka haɗu. A 2024 mizanin mutum ɗaya dala 15,060 ne a shekara, na mutum biyu kuma dala 20,440. Asalin dokar ta ce wanda samunsa ya wuce ninki huɗu na mizanin ba shi da tallafi. In muka bi wannan ƙa'ida da alƙaluman 2024, iyakar gwauro dala 60,240 ce, ta ma'aurata kuma dala 81,760. Ɗauki saurayi da budurwa, kowanne na samun dala 50,000. Kafin aure dukansu suna ƙasa da iyaka. Ranar da aka ɗaura, samunsu ya zama dala 100,000, sun tsallake layi, alhali ko sisi bai ƙaru a aljihunsu ba. A 2021 majalisa ta ɗage wannan iyaka, amma na wucin gadi.

Ƙulli na biyu ya fi ciwo. Doka ta ce in wurin aikinka ya ba ka inshora mai sauƙin kuɗi, wato wadda ba ta wuce kimanin kashi 9.5 cikin ɗari na samun gidanka ba, ba ka da tallafi. Da hukumar haraji ta zo fassara wannan a 2013, sai ta auna sauƙin da farashin ma'aikaci shi kaɗai. Ko da ɗora mata da yara zai cinye kashi ɗaya cikin huɗu na albashi, a idon hukuma iyalin nan suna da inshora mai sauƙi, don haka babu tallafi. An ƙiyasta mutum kusan miliyan 5 ne suka maƙale a wannan rami, yawancinsu mata da yara. Sai a watan Oktoba na 2022 gwamnatin Joe Biden ta sauya fassarar, gyaran ya fara aiki a 2023. Kusan shekara goma jimla ɗaya a takardar hukuma tana yanke wa gidaje hukuncin wanda zai ga likita.

Inda labarin ya taɓo mu

Najeriya ma ta wannan ƙofa ta shiga. An kafa tsarin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, da doka ta 35 ta 1999, aka ƙaddamar da shi a 2005 zamanin Shugaba Obasanjo, aka fara da ma'aikatan gwamnatin tarayya. A rubuce, ma'aikata za ta zuba kashi 10 cikin ɗari na tushen albashi, ma'aikaci kashi 5. Kamfanonin HMO da ke tsakanin asibiti da mai inshora su ma salo ne da ya yi ƙarfi a Amurka bayan wata doka ta 1973. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta mai da hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshora a kan kowa.

Zubin ma'aikaci a tsarin yana ɗaukar shi kansa, da abokin aure ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Duk wanda ya ƙaru sai an biya masa daban. Wannan ma hoton gida ne, kuma kowa a cikinmu ya san gidajen da ba su shiga cikinsa. Malam mai mata biyu da 'ya'ya tara, an miƙo masa fom mai gurbin mace ɗaya da yara huɗu. Sunan wa zai rubuta? Uwargida da ta fara manyanta ga hawan jini, ko amarya mai tsohon ciki? Cikin yaran, su wa za a bari? Ga kuma tsohuwarsa da ke ɗakin ƙofar gida, da marayan ƙaninsa da yake riƙo. In ya saki wadda ke kan fom ɗin, katinta fa? Duk wanda ya zana fom ɗin bai shiga gidan ba, amma ya raba kwana a cikinsa.

Abin da tarihin nan ke nunawa shi ne, kuɗin da ma'aurata ke biya ba tsadar magani kaɗai ke yanke shi ba. Akwai shawarar da wasu suka yanke tun tuni game da wane ne iyali da kuma aljihun da za a bi a karɓi zubi. Kimball yana neman a biya bashin asibitinsa ne, gwamnatin Roosevelt na tsoron tashin farashi, kamfanoni na farautar ma'aikata. Babu wanda ya yi niyyar mace ta zauna a auren da ya ƙare saboda tana jinyar daji, ko tsoho ya saki matarsa ta shekara hamsin domin ta samu abin ci. Duk da haka abin da ya faru ke nan, kuma kowane gyara sai da ya jira mutane da yawa suka ji jiki tukuna.

Mu da muke koyon rubutu mun saba ɗora rikicin gida a kan kishi, sharrin uwar miji ko asiri. Waɗannan suna nan, amma a gidaje da yawa abin da ke hura wutar yana cikin wata takarda da ke ƙarƙashin katifa: fom ɗin inshora, takardar fansho, rasiɗin asibiti. Wanda zai rubuta labarin Malam da fom ɗinsa ya kamata ya je ya ga fom ɗin da idonsa, ya tambayi ma'aikacin da ke karɓa nawa ake biya wa ƙarin mutum ɗaya, ya zauna a layin masu kati ya ji abin da mata ke faɗa. Daga nan zai san dalilin da ya sa hannun Malam ke rawa a kan biro, kuma mai karatu zai yarda da shi.

Wanda ya san yadda tsarin yake a jiharsa, ko a Nijar da Ghana, ya ba mu labari a ƙasa domin mu ƙaru da juna. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da gidajenmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.